Filin Tambaya da Amsa: Matsalolin Famfon Zafi Mai Aiki da Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a sashen injiniya na wata kwalejin fasaha, kuma malaminmu ya ambaci wata na'ura da ke sanyaya ɗaki ta kuma ɗumama shi, amma ruwa take amfani da shi maimakon iskar waje. Ina roƙon a fayyace mini bambancinta da na'urar sanyaya ɗaki da muka saba gani. Daga wani ɗalibi a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Na'urar sanyaya ɗaki da ke gidajenmu tana kwashe zafin ɗaki ne ta zubar da shi a iskar waje, shi ya sa akwatin da ake kafawa a bayan gida yake hura iska mai zafi. Na'urar da malaminku ya ambata, wato famfon zafi mai aiki da ruwa, tana da kwamfureso (injin da ke matsa gas) da gas da fanka kamar waccan, sai dai ruwa ne yake karɓar zafin. A cikinsa akwai wani bututu da aka naɗe, wanda yake bututu ne a cikin bututu: ruwa yana bin na ciki, gas yana bin tsakaninsa da na waje, zafi kuma yana ratsa jikin tagullar daga wannan zuwa wancan ba tare da sun gauraya ba. Akwai kuma wani bawul mai hanyoyi huɗu da ke juya tafiyar gas, ta yadda idan sanyi ya zo na'urar za ta riƙa ɗebo zafi daga ruwan tana kai shi ɗaki.

Ruwan yana iya fitowa daga kogi ko tafki ko rijiya, kuma dabarar ta daɗe a ƙasashen sanyi. Tun a 1938 aka kafa irin wannan na'ura a ginin majalisar birnin Zurich na ƙasar Suwizalan tana jan zafi daga kogin Limmat, kuma a 2011 garin Drammen na ƙasar Norway ya fara ɗumama gidaje da zafin da ake ɗebowa daga ruwan teku mai sanyin kimanin digiri 8 a ma'aunin Salsiyas. Amma wanda ya fi yawa a otal-otal da ofisoshi shi ne tsarin da ruwa ke zagaya ginin cikin bututu rufaffe, kowane ɗaki yana da tasa ƙaramar na'urar a cikin silin. Ana riƙe ruwan tsakanin digiri 15 da 32. Idan ya yi zafi hasumiyar sanyaya ruwa da ke kan rufi ta rage masa, idan ya yi sanyi tukunyar ɗumama ruwa ta ƙara masa. A ƙasarmu ɓangaren sanyayawar kaɗai ake buƙata kusan duk shekara.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna da yawa ina gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, kuma kwanan nan aka ɗauke ni aiki a wani otal da ke amfani da masu aiki da ruwa. Akwai guda ɗaya a hawa na huɗu wadda take tashi lafiya, ta yi minti goma ko ƙasa da haka, sai kwamfureso ya tsaya, fitilar allonta ta nuna matsin gas ya yi yawa. Idan ta yi haka sau uku sai ta kulle kanta gaba ɗaya. Na wanke matatar iska, na kuma ƙara mata gas, amma abin sai ƙaruwa ya yi. Me ya rage in duba? Daga wani mai gyara a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya rage shi ne abin da ya kamata a fara da shi, wato ruwa. Wanda ya saba da na'urorin gida hannunsa ya saba kai wa ga tulun gas da zarar sanyi ya ragu, domin a can yoyo a mahaɗar bututu ruwan dare ne. Wannan na'urar kuwa daga masana'anta aka zuba mata gas aka rufe, ba ta da dogon bututun da ake haɗawa a wurin kafawa, kuma abin da take ɗauka kaɗan ne ƙwarai, ta yadda ƙarin da ba ka ɗauke shi da muhimmanci ba ya isa ya ɗaga matsin. Matsin da ya yi yawa a lokacin sanyayawa yana nufin zafi ya rasa hanyar fita, kuma hanyarsa ɗaya ce: ruwan da ke bi ta cikin bututun nan naɗaɗɗe. Ƙarin gas ba ya buɗe wannan hanya, yana ƙara cika ta ne.

Kafin ka ɗauki kowane kayan aiki, ka tambayi kanka ko na'ura ɗaya ce ke wannan hali ko kuwa duka ginin ne. Idan da yawa suna tsayawa a lokaci guda, musamman bayan azahar, laifin yana can sama a hasumiya ko a babban injin tura ruwa, kuma ɓata lokaci ne a riƙa kwance na'urorin ɗakuna. Tunda taka guda ɗaya ce, matsalar tana tsakanin bawul ɗin shigar ruwa da na fitarsa.

Ka ɗauki ma'aunin zafi mai kyau ka auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita, bayan kwamfureso ya yi kamar minti biyar yana aiki. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kowane tan ɗaya na sanyi, wato kilowat 3.5, yana buƙatar kimanin lita 11 na ruwa a minti ɗaya. Da wannan gudun, ruwan yana fita da ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6. Lissafin ba shi da wuya: zafin da aka kwaso daga ɗaki tare da wanda kwamfureso ya haifar ya kai kimanin kilowat 4.4 a kowane tan, kuma idan ka raba wannan da yawan litar da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya, ka sake rabawa da 4.18, wato zafin da lita ɗaya ta ruwa ke ɗauka kafin ta ƙaru da digiri ɗaya, za ka sami wannan tazarar. Wannan lamba guda za ta gaya maka abin da gejin matsin gas ba zai gaya maka ba.

Idan ka tarar tazarar ta kai digiri 10 ko 12, ruwan bai isa ba. Kaɗan ne ke wucewa, shi ya sa yake ɗaukar zafi fiye da kima. Sai ka rufe bawul biyun, ka kwance rariyar da ke kan bututun shiga. Sau da yawa za ka same ta cike da baƙar laka, ɓarɓashin tsatsa, har da guntun zaren da masu haɗa famfo suka naɗa a bakin bututu tun lokacin gini. Ka duba tiyon roba da ke haɗa na'urar da babban bututu, domin idan aka tura na'urar cikin silin da ƙarfi yakan lanƙwashe ya shaƙe ruwan ba tare da an gani daga ƙasa ba. Ka tabbatar bawul mai aiki da lantarki yana buɗewa gaba ɗaya lokacin da kwamfureso ya tashi, kuma babu wanda ya taɓa bawul ɗin daidaita gudu. Tunda ka ce a hawa na huɗu take, idan shi ne na ƙarshe, ka yi zargin iska ta taru a bututu, domin sama take hawa. Ƙarar ƙulu-ƙulu a cikin bututu ita ce alamarta, kuma buɗe mafitar iska na ɗan lokaci yana magance ta.

Idan kuwa tazarar ƙarama ce, digiri 2 ko 3, alhali matsin gas yana sama, to ruwa yana wucewa amma ba ya ɗaukar zafin. Wannan alamar ɓawo ce a cikin bututun, irin farin abin nan da ke kama gindin butar shayi idan ana dafa ruwan rijiya a cikinta. Ko siririn ɓawo ya isa ya hana zafi ratsawa. Maganinsa a ware na'urar daga babban layi, a haɗa ƙaramin famfo da bokiti, a zagaya ruwan wanke ɓawo da aka yi domin tagulla, ta hanyar da ta saɓa wa tafiyar ruwan ta kullum, har kumfa ya daina fita, sannan a ɗauraye sosai da ruwa mai tsabta. Ina gargaɗi da babbar murya game da ruwan batir da sauran asid masu ƙarfi da wasu ke zubawa don su gama da wuri. Suna cin ɓawon su ci tagullar tare, kuma ranar da bututun ciki ya huje ruwa zai shiga hanyar gas ya isa kwamfureso, daga nan kuma sai dai a sayi sabuwar na'ura.

Sai batun gas ɗin da ka ƙara. Yanzu ba wanda ya san adadin da ke ciki, kuma rage shi da ƙiyasi ta hanyar sakin sa a iska ba gyara ba ne, ban da illar da yake yi wa muhalli. Ka kwashe shi duka cikin tulun ajiya, ka zuƙe iskar da ke ciki da injin zuƙe iska har ma'aunin ragowar matsi ya sauka zuwa maikuron 500, sannan ka zuba daidai nauyin da aka rubuta a farantin jikin na'urar, a kan sikeli. Idan gas ɗin nau'in R-410A ne, yana ruwa-ruwa ake fitar da shi daga tulu ba yana tururi ba, domin gauraye ne na gas iri biyu. Kuma kada ka taɓa haɗe wayoyin makunnin matsi don na'urar ta daina tsayawa. Shi ne yake tsare kwamfureso, kuma kulle kanta da take yi bayan tsayawa uku an tsara shi ne don a tilasta wa mai gyara ya zo ya duba.

Tambaya: Muna da ofis a wani bene mai irin wannan tsari. Ruwa yana ɗiga daga silin daidai inda na'urar take, wani lokaci kuma ta mutu da kanta. Shin bututun ruwanta ne ya fashe? Daga wata ma'aikaciyar banki a Kano.

Amsa: Hajiya, da wuya ya zama haka, domin ruwan babban bututu yana da matsi, kuma da ya fashe da ba ɗiga zai yi ba. Mafi kusa shi ne raɓar da ke taruwa a jikin ƙarfen sanyi ta cika tiren da ke ƙarƙashinsa saboda bututun zubar da ita ya toshe da ƙura da gansakuka. Akwai ɗan ma'auni a bakin tiren da ke kashe na'urar idan ruwa ya taɓa shi, shi ne dalilin mutuwar da kike gani. A sa mai gyara ya wanke tiren, ya zuƙe bututun, ya tabbatar yana gangarowa ƙasa kuma yana da lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa, domin idan babu ita fanka tana jan iska ta bututun ta hana raɓar fita. Ya canza matatar iska a lokaci guda. Matata mai datti tana sa ƙanƙara ta kama ƙarfen, idan ta narke kuma ta malalo fiye da abin da tiren zai ɗauka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a arewacin Amurka, kuma gidan da na saya yana da famfon zafi da ke jan ruwa daga rijiya ya mayar da shi wata rijiyar. Da rani ba ya ba ni matsala, amma tunda sanyi ya shigo yake tsayawa yana nuna alamar daskarewa. Wani ya ba ni shawarar in cire ma'aunin da ke tsayar da shi. Ya kuka gani? Daga wani mazaunin jihar Ohio.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bi wannan shawara ko da na dare ɗaya ne. A lokacin ɗumamawa na'urar tana zare zafi ne daga ruwan, don haka yana fita da sanyi fiye da yadda ya shiga, yawanci da digiri 2 zuwa 4 idan gudunsa cikakke ne. Ruwan rijiya a yankinku bai wuce digiri 10 zuwa 12 ba, gas ɗin da ke zagaye da shi kuma dole ya fi shi sanyi da wasu digirori kafin zafi ya ratsa. Idan gudun ruwa ya ragu, abin da ke fita yana sauka zuwa digiri 4 ko ƙasa, jikin bututun ya faɗa ƙarƙashin sifili, ƙanƙara ta fara kamawa daga ciki. Ƙanƙara tana kumbura, kuma ita ce ke fasa bututun. Ma'aunin da aka ce ka cire shi ne kaɗai ke tsakaninka da wannan asarar.

Dalilin da ya sa ba ka ga komai da rani ba shi ne ruwan rijiya mai sanyi yana iya ɗaukar zafin gida ko da rabin gudunsa ne, don haka matsalar tana iya ɓoyewa watanni. Tsarin rijiya yana buƙatar aƙalla lita 6 a minti ga kowane tan, kuma idan ruwan ya gaza digiri 10 ana ɗaga shi zuwa kusan lita 8. Ka kira mai gyara ya auna gudun da gaske. Ya duba matatar yashi, da tankin matsi na rijiyar, da bawul ɗin da ke kan hanyar fita. Idan ya ga wani jan yauƙi mai kama da tsatsa a cikin matata, ƙwayoyin halitta ne masu rayuwa a kan sinadarin ƙarfe da ke cikin ruwa, kuma suna toshe bututu da rijiyar mayarwa a hankali. Rijiyar mayarwa da ta toshe tana rage gudu daidai da yadda matsalar rijiyar ɗebowa ke yi, kuma mutane kan manta da ita. Idan an gyara duk wannan kuma ruwan yankin ya ci gaba da kawo ɓawo ko yauƙi, hanyar da ke dawwama ita ce a sa wani musayin zafi mai faranti, wato jerin farantan ƙarfe da zafi ke ratsawa ba tare da ruwan ɓangarorin biyu ya gauraya ba, tsakanin rijiyar da na'urar, a cika ɓangaren na'urar da ruwa mai maganin daskarewa.

Tambaya: Na kunna irin wannan na'ura a kan sanyi, sai ta riƙa hura iska mai ɗumi, kuma kwamfureso yana aiki. Haka kuma idan aka ɗauke wuta aka koma janareto, sai ta daɗe ba ta tashi ba. Daga wani mai kula da gini a Yamai.

Amsa: Abu biyu ne daban. A yawancin waɗannan na'urori, bawul mai juya gas yana buƙatar wuta ne kafin ya koma ɓangaren sanyi, idan babu wutar kuma yana zama a kan ɗumamawa. Ka auna ko bolt 24 yana isa ƙaramin nadin wayar da ke kansa. Idan yana isa kuma ba ka ji ƙarar motsinsa ba, nadin ya ƙone, kuma canza shi aikin mintuna ne da ba ya buƙatar taɓa gas. Idan ba ya isa, ka bi wayar zuwa makunnin da ke bango, domin sau da yawa an saita shi ba daidai ba ne. Jinkirin tashi kuwa da gangan aka yi shi: allon yana jira kimanin minti biyar don matsin gas ya daidaita, wasu kuma suna ƙara ɗan jinkiri dabam-dabam don kada na'urorin gini duka su tashi tare su durƙusar da janareto. Abin damuwa shi ne idan lokacin ya cika kwamfureso ya yi gurnani bai juya ba; a nan sai a auna kapasita da ƙarfin wutar da ke shigowa, kuma a tabbatar babban injin tura ruwa ya riga na'urorin tashi bayan an sauya wuta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da injuna a wani asibiti mai zaman kansa. Tun da hunturu ya shigo, rariyoyin na'urorinmu suke toshewa kusan kowane mako, kuma ruwan hasumiyar da ke kan rufi ya koma kamar na kududdufi. Shugabanni suna ganin sayen maganin ruwa almubazzaranci ne. Me zan gaya musu? Daga wani injiniya a arewa maso yamma.

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Hasumiyar sanyaya ruwa tana aiki ne ta hanyar watsa ruwa a cikin iskar da fanka ke ja, wani ɓangare ya tashi tururi ya tafi da zafin. Wannan yana nufin duk ƙurar da ke cikin iskar tana wankuwa ne a cikin ruwanku, kuma a watannin hazo abin da ke taruwa a gindin hasumiyar ya ninka na sauran shekara. Busasshiyar iskar hunturu tana sa hasumiya ta sanyaya ruwa fiye da yadda take yi a damina, amma kuɗin wannan alheri shi ne lakar da kake gani. Idan ruwan hasumiyar ne kai tsaye yake shiga na'urorin ɗakuna, to tsarin ne da kansa yake da rauni, kuma ya dace a raba su da musayin zafi mai faranti, a bar ruwan cikin gini a rufe yana da tsabta, a kuma sa matatar yashi a gefen hasumiyar.

Ga lissafin da za ka kai wa shugabanninka. Kowane kilowat na zafi da hasumiya ta zubar yana ƙafar da kimanin lita ɗaya da rabi na ruwa a awa ɗaya, wato ginin da ke zubar da kilowat 500 yana rasa kusan lita 750 kowace awa. Ruwan ne kaɗai ke tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan, kuma kowane sabon ruwa da aka ƙara yana kawo nasa. Idan ba a zubar da wani kaso a kai a kai, ba a kuma sa maganin hana ɓawo da tsatsa, cikin 'yan watanni bututun kowace na'ura zai kama ɓawo, wuta ta ƙaru, kwamfuresoshi su fara ƙonewa ɗaya bayan ɗaya. Inda ruwan burtsatse ke da zartsi abin ya fi sauri.

Sai dai hujjar da ta fi wannan nauyi, musamman a asibiti, ita ce ta lafiya. A watan Yulin 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a birnin Philadelphia, bayan haka mutum 221 suka kamu da wani ciwon huhu mai tsanani, 34 suka rasu. A farkon 1977 aka gano ƙwayar cutar, daga baya aka sa mata suna Legionella, kuma bincike ya danganta yaɗuwarta da tsarin sanyaya ginin. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, wato daidai zafin ruwan hasumiya, ta fi son inda laka da yauƙi suka kwanta, kuma tana shiga huhu ta feshin ruwa da iska ke ɗauka. Tsofaffi, masu shan taba da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni su ne ta fi kamawa, su ne kuma ke kwance a ɗakunanku. Ka nemi a kwashe ruwan hasumiyar a wanke ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya daga ciki bayan hazo ya wuce, a riƙa sa maganin a kai a kai tsakanin wankin, a gyara farantan da ke tare feshi idan sun karye, a kuma duba cewa iskar da ke fita daga hasumiyar ba ta fuskantar taga ko mashigar iskar ginin. Ma'aikacin da zai shiga wankin ya kashe fanka tukuna, ya kuma rufe hanci da baki da abin kariya mai tace feshi.